Daga Honolulu zuwa Denver: kilomita 5,415 a takarda, nawa ne a sama?

Wanda ya nemi sanin nisan da ke tsakanin Honolulu, babban birnin jihar Hawai da ke tsibirin Oahu a tsakiyar Tekun Fasifik, da Denver, babban birnin jihar Kolorado da ke can tsakiyar Amurka a gindin duwatsun Rocky, yana iya cin karo da amsoshi uku: 5,415 da 3,365 da 2,924. Dukkansu daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. Ta farko kilomita ce. Ta biyu mil ne na ƙasa, wanda Amurkawa ke auna tituna da shi, kowane ɗaya kilomita 1.609. Ta uku mil ne na teku, mai kilomita 1.852, kuma da shi matuƙa jirgin sama da na ruwa ke aiki. Rashin lura da wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi kuskuren kashi 15 cikin 100 tun bai fara lissafi ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Lambar nan ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin duka, kuma babu kamfanin da ke zuba wa jirgi mai da ita kaɗai. Tsakanin tsibirin nan da birnin nan akwai teku mai faɗin da babu inda za a sauka, akwai iskar da ke taimakon mai zuwa ta hana mai komawa, sannan akwai filin jirgi da ke kan tudu mai tsawon fiye da kilomita ɗaya da rabi. Waɗannan ukun su ne ke yanke hukuncin awa nawa za a yi, man nawa za a ɗauka, da kuma irin jirgin da doka ta yarda ya bi hanyar.

Yadda ake fitar da lambar

Abu huɗu ake buƙata: latitud (nisan wuri arewa ko kudu da ikwaita) da longitud (nisansa gabas ko yamma) na kowane filin jirgi. Filin Honolulu yana kan digiri 21.32 arewa da ikwaita, da digiri 157.92 yamma. Filin Denver yana kan 39.86 arewa, da 104.67 yamma. Tunda duka biyun suna yamma, sai a cire ƙarami daga babba, a samu bambancin longitud, wato digiri 53.25.

Daga nan sai kalkuleta mai sain da kosain. A ninka sain ɗin latitud na Honolulu, 0.3636, da sain ɗin na Denver, 0.6409, a samu 0.2330, a ajiye shi. Sai a ninka kosain ɗin Honolulu, 0.9316, da kosain ɗin Denver, 0.7676, da kosain ɗin bambancin longitud, 0.5983, a samu kusan 0.4279. A haɗa biyun, ya zama 0.6609. Kusurwar da kosain ɗinta ya kai haka ita ce digiri 48.63, kuma ita ce kusurwar da biranen biyu suka buɗe idan an tsaya a tsakiyar duniya ana dubansu. Kowane digiri a bayan ƙasa kilomita 111.19 ne, idan an ɗauki duniya a matsayin ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa waje. Ninkawa ta ba da kilomita 5,407 ko 5,408.

To ina sauran kilomita bakwai ko takwas? Duniya ba ƙwallo ba ce sak. Ta kumbura a ikwaita, inda take da kilomita 6,378 daga tsakiya, ta ɗan lotsa a ƙuryar arewa da ta kudu, inda take da 6,357. Kwamfutocin jirage da na'urorin GPS suna aiki da ainihin siffar, wadda ake kira WGS 84, su ne ke ba da 5,415. Ga fasinja wannan bambanci bai kai tafiyar minti ɗaya ba.

Kurakuran da ake yawan yi a lissafin nan sanannu ne. Na farko, barin kalkuleta a kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, maimakon digiri, sai ta fito da lambar da ba kai ba gindi. Na biyu, gutsure lambobi da wuri: a wannan kusurwa, kuskuren 0.001 a kosain yana zama kusan kilomita 8 a ƙasa, don haka a riƙe aƙalla lamba huɗu bayan ɗigo. Na uku yana faruwa ne idan tsibirin yana ɗaya ɓangaren layin digiri 180. Filin Nadi na ƙasar Fiji, alal misali, yana kan 177.44 gabas ne. Wanda ya cire 104.67 daga ciki ya samu 72.77 ya yi kuskure, domin ɗaya gabas ne ɗaya yamma. Haɗa su ake yi a samu 282.11, a cire daga 360, ya rage 77.89.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne ɗaukar duniya kamar allo a shimfiɗe. Mutum ya ce bambancin latitud 18.54, na longitud 53.25, ya yi musu lissafin kusurwa uku irin na makaranta, ya samu digiri 56.4, ya ninka ya samu kilomita 6,270. Ya ƙara wa tafiyar fiye da kilomita 850 da babu su. Dalili kuwa layukan longitud suna matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa. A ikwaita digiri ɗaya kilomita 111 ne, a Honolulu ya koma 104, a Denver kuwa 85 kacal.

Akwai kuma tambayar wane tsibiri ake nufi. Hawai jerin tsibirai ce. Daga filin Kahului na tsibirin Maui zuwa Denver ya gaza na Honolulu da kusan kilomita 100, daga Lihue na tsibirin Kauai kuwa ya ɗara da kusan 80.

Hanya mafi kusa ba ta fuskantar waje ɗaya

Lambar da aka fitar ita ce tsawon hanyar da ake kira babbar da'ira. Mai taswirar duniya ta ƙwallo zai iya ganinta da idonsa: ya ɗora zare a kan Honolulu, ya ja shi ya yi tauri zuwa Denver, inda zaren ya kwanta nan ce hanyar. A taswirar bango kuwa takan fito a lanƙwashe ta yi sama, har mutum ya zaci zagaye ake yi.

Jirgin da ya bi ta daga Honolulu zai fara ne yana fuskantar digiri 55 daga arewa ta gaskiya, wato arewa maso gabas, amma zai isa Denver yana fuskantar digiri 84, kusan gabas sak. Hancin jirgin yana juyawa a hankali duk tsawon tafiyar ba tare da ya bar miƙaƙƙiyar hanya ba. Irin wannan lissafi ne ake fitar da alƙibla da shi, kuma shi ya sa yawancin masallatan Amurka ke fuskantar arewa maso gabas alhali a taswirar bango Makka tana ƙasa da su.

Ana yawan kambama wannan batu fiye da kima a kan hanyar da muke magana. Da matuƙi zai kafe hancin jirgi a fuska ɗaya tun daga tashi har sauka, zai yi kusan kilomita 5,460, ƙarin kusan kilomita 50 ke nan, tafiyar da ba ta kai minti huɗu ba. Inda babbar da'ira ke yin tasiri sosai shi ne hanyoyin da ke can arewa masu tsawo, irin na Turai zuwa Japan. A nan abin da ya fi amfani shi ne sanin inda zaren ya ratsa.

Ya ratsa gaɓar Kalifoniya ne a wajen digiri 37, kudu kaɗan da San Francisco. Daga Honolulu zuwa San Francisco kilomita 3,860 ne, daga can zuwa Denver 1,556. Idan aka haɗa, sai a ga kusan lambar farko ce ta dawo. Ma'ana wanda ya yada zango a San Francisco bai ƙara nisan a zo a gani ba, lokacin jira kawai ya ƙara. Ta Los Angeles ƙarin kusan kilomita 85 ne. Ta Seattle kuwa ya haura 500.

Tekun da babu masauki

Kashi 70 cikin 100 na tafiyar a kan ruwa ake yin ta. Kilomita 3,860 ɗin nan ya fi nisan Kano zuwa Jidda, wanda bai wuce 3,400 da 'yan kai ba, kuma a tsakani babu tsibiri ko ɗaya mai filin jirgi. Yana cikin manyan giɓi mafi tsawo da jiragen fasinja ke ƙetarawa kullum a duniya. A ƙarshen watan Yunin 1927 ne hafsoshin sojan Amurka biyu, Lester Maitland da Albert Hegenberger, suka fara ƙetare shi daga Oakland ba tsayawa, kuma sun shafe awa 25 da minti 50.

Tun daga 1953 dokar Amurka ta hana jirgin fasinja mai inji biyu yin nesa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60 da inji ɗaya. Shi ya sa shekara da shekaru jirage masu inji uku ko huɗu, irin DC-8 da DC-10 da Boeing 747, suka riƙe hanyar Hawai. A 1985 aka fito da tsarin da ake kira ETOPS, aka ba wasu jirage masu inji biyu izinin minti 120, a 1988 aka kai shi 180.

Lissafi zai nuna dalilin da ya sa Hawai ta jira na biyun. A ɗauka jirgi mai tafiya da inji ɗaya yana yin kilomita 740 a awa. A minti 120 zai ci 1,480. A zana wannan da'ira daga Kalifoniya, a zana wata daga Hawai, za a ga ba su haɗu ba, akwai ɗaruruwan kilomitoci a tsakiya da jirgin ba shi da izinin shiga. A minti 180 kuwa kowace da'ira ta kai kusan kilomita 2,200, sun haɗu har sun hau kan juna, tunda tsakiyar tekun tana kilomita 1,930 daga kowane gefe.

Izinin nan ba na samfurin jirgi ba ne kawai, sai shi ma kamfanin ya cancanta. Kamfanin Southwest ya daɗe yana da jiragen Boeing 737 masu iya kai wa Hawai, amma bai fara zuwa ba sai a watan Maris na 2019, bayan hukumar sufurin sama ta Amurka ta tantance shi. Sharuɗɗan suna da yawa. Akwai binciken musamman kafin kowane tashi. Ana bin diddigin yawan man inji da kowane inji ke sha, domin ƙaruwarsa alama ce ta lalacewa tun ba ta fito fili ba. Ana guje wa bai wa makaniki ɗaya aiki iri ɗaya a kan injinan biyu a lokaci guda, saboda idan ya manta ɗaure wani abu a na dama, to akwai yiwuwar ya manta a na hagu. Dole ƙaramin injin wutsiya mai ba da lantarki ya iya tashi a can sama cikin tsananin sanyi. Sannan na'urar kashe gobara ta ɗakin kaya dole ta iya danne wuta na minti 195, wato 180 ɗin da ƙarin 15.

Kafin jirgi ya tashi, masu tsara tafiya suna sa alama a wani wuri cikin teku inda komawa baya da ci gaba za su ɗauki lokaci ɗaya. Wurin ba tsakiyar hanya ba ne, iska ce ke matsar da shi. Idan jirgi na gudun kilomita 980 a awa zuwa gabas, amma da zai juyo 800 kawai zai yi, to ana ninka 3,860 da 800, a raba da 1,780. Alamar ta faɗo a kilomita 1,735 daga Honolulu, kusan kilomita 200 kafin tsakiya. Da zarar an wuce ta, ko fasinja ne ya yanke jiki ya faɗi, gaba za a yi.

Abin da mutane da yawa ba sa zato shi ne, mutuwar inji ba ita ce ta fi cin mai a lissafin gaggawa ba. Wadda ta fi ita ce zubewar iskar cikin jirgi. A tsayin mita 11,000 mutum ba ya iya numfashi sai da iskar da aka matsa a cikin jirgin. Idan ta zube, abin rufe hanci da ke faɗo wa fasinja yana ba da iskar shaƙa ta minti 12 zuwa 22 ne kawai, gwargwadon nau'insa. Dole matuƙi ya sauko zuwa kusan mita 3,000, inda iska ke da kauri, jirgi ke tafiya a hankali yana zuƙar mai. Doka ta ce a ɗauka hakan ta faru daidai kan alamar nan, a tabbatar man zai kai filin sauka a wannan tsayi, da ƙarin abin da ƙanƙara a fukafukai za ta ci, da kuskuren hasashen iska, da minti 15 na shawagi kafin sauka. Sau da yawa wannan lissafi ne ke ƙayyade man da za a zuba, musamman a ƙananan jirage.

A kan tekun babu na'urar rada da ke ganin jirgi bayan 'yan ɗaruruwan kilomitoci daga gaɓa. Cibiyar kula da zirga-zirga ta Oakland ce ke riƙe da wannan sarari, tana karɓar rahoto ta tauraron ɗan'adam da saƙon rubutu, da rediyo mai dogon zango a matsayin madadi. Tsakanin Kalifoniya da Hawai akwai tsayayyun hanyoyi jere da juna, masu sunaye irin R463 da R464 da R465, kuma jirgi yakan bi wadda aka ba shi ne ko da ba ita ce kan zaren ba. Idan aka haɗa da juyin tashi da layin shiga sauka da kauce wa hadari, abin da aka yi a zahiri kullum yana ɗara 5,415.

Kogin iska

A tsayin kilomita 9 zuwa 12 akwai wata igiyar iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wadda juyawar duniya da bambancin zafi tsakanin ikwaita da ƙuryar arewa ke haifarwa. A lokacin sanyi takan sauko kudu ta yi ƙarfi, tsakiyarta na iya wuce kilomita 200 a awa. A lokacin zafi takan koma arewa ta yi rauni. Jirgi a cikinta kamar kwale-kwale ne a kogi: tuƙin ɗaya ne, amma mai bin ruwa da mai haurarsa ba za su isa tare ba.

A ɗauki babban jirgi mai gudun kilomita 890 a awa cikin iska. Babu iska, 5,415 zai ci awa 6 da minti 5. A sa iskar yamma mai matsakaicin kilomita 90 a awa duk tsawon hanya. Mai zuwa Denver yana cin ƙasa da gudun 980, zai isa a awa 5 da minti 32. Mai zuwa Honolulu yana cin 800, zai yi awa 6 da minti 46.

A lura da abu biyu. Na farko, ribar da asarar ba su yi daidai ba: mai zuwa gabas ya samu minti 33, mai zuwa yamma ya rasa 41, domin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke hana shi gaba. Iska ba ta taɓa biyan abin da ta ci a tafiyar zuwa da dawowa. Na biyu, inji bai san ƙasa ba, iskar da ya ratsa ya sani. Idan aka ninka lokacin da 890, za a ga mai zuwa Denver ya ratsa iska ta kilomita 4,920, mai zuwa Honolulu kuwa 6,020. Birane biyu ne ba su motsa ba, amma a wajen tankin mai akwai bambancin kilomita 1,100 tsakanin zuwa da dawowa. Boeing 777 yana shan tan 6 zuwa 7 a awa, don haka minti 41 ɗin nan ya haura tan 4 na mai, kuma ɗaukar ƙarin man shi ma yana cin mai saboda nauyinsa. Wannan ne ya sa masu tsara tafiya kan yarda a ƙara nisan ƙasa don a kauce wa tsakiyar igiyar idan za a yamma, a neme ta idan za a gabas.

Masu cewa juyawar duniya ce ke sa ƙasa ta gudu daga ƙarƙashin jirgi ba su duba da kyau ba. Da haka ne, tafiya yamma ce za ta fi sauri, tunda duniya gabas take juyawa. Iskar da jirgi ke ciki tana juyawa tare da duniyar.

Tudun Denver

Filin Honolulu yana mita 4 ne sama da teku. Filin Denver, wanda aka buɗe a ƙarshen Fabrairun 1995, yana mita 1,656. A wannan tsayi iska ta ragu da kusan kashi 15 cikin 100 a kauri, ko da yanayi ya kasance daidai da ma'aunin da aka gina jirage a kai, wanda a tsayin Denver digiri 4 ne kacal na zafi. Ranar da zafi ya kai digiri 35, abin da ke faruwa a watan Yuli, sai a ɗauki bambancin digiri 31, a ninka da mita 36.5, a ƙara a kan tsayin filin. Fukafukai da injina za su ji kamar suna tsayin mita 2,800.

Sakamakon kashi biyu ne, kuma duka suna tafiya waje ɗaya. Inji yana samun ƙarancin iska, ƙarfinsa ya ragu. Fiffike kuma yana buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga nauyin, kusan kashi 15 cikin 100 a irin wannan rana. Jirgin da zai ɗaga hanci a gudun kilomita 300 a bakin teku sai ya kai 345 a kan kwaltar Denver. Tayoyin manyan jirage da yawa iyakarsu kilomita 360 zuwa 380 ce. Birki ma yana da iyakar zafin da zai iya sha idan aka fasa tashi a ƙarshen gudu. Shi ya sa a 2003 Denver ta buɗe titin tashi mai tsawon mita 4,877, wanda ya fi na kowane filin fasinja a Arewacin Amurka. Titin Honolulu da aka gina a kan ruwa mita 3,658 ne, kuma ya wadatar. Sai dai tsawon titi ba ya maganin iyakar taya, ba ya kuma maganin dokar da ta ce dole jirgi ya iya ci gaba da hawa ko da inji ɗaya ya mutu daidai lokacin tashi, ga kuma duwatsu masu haura mita 4,000 a yamma da birnin, ta inda hanyar Hawai ta bi.

Abin ya zo a karkace: tafiyar da ta fi buƙatar mai, wato ta yamma, ita ce ke farawa daga filin da ya fi wahalar tashi da nauyi. Abin da ke ɗan sassauta lamarin shi ne iskar sama ta fi ƙarfi a lokacin sanyi, zafin Denver kuma a lokacin bazara yake, ba su cika haɗuwa rana ɗaya ba. Idan lissafi ya ƙi, ba a rage man da doka ta wajabta. Kayan dako ake fara saukewa, sannan a bar kujeru babu kowa, ko a jira rana ta yi sanyi. Kamfanin United, wanda Denver ɗaya ce daga manyan cibiyoyinsa, shi ke tafiyar kai tsaye a hanyar, kuma babban jirgi irin 777 yana da rarar da ta ishe shi.

Ta ɓangaren sauka ma Denver na da nata halin: dusar ƙanƙara a lokacin sanyi, hadari mai tsawa da yamma a lokacin zafi. Jirgin da ya taso daga Honolulu yakan ɗauki man da zai kai shi wani filin idan an rufe wannan, kamar na Colorado Springs da ke kudu, ban da ajiyar ƙarshe da ba a taɓawa sai ta ɓaci.

Abin da tikiti ke nunawa

Lokacin da ke kan tikiti daga ƙofa ne zuwa ƙofa, har da tafiyar ƙasa da jiran layi da ɗan rarar da kamfani ke sawa. Yawanci zuwa Honolulu awa 7 ne da 'yan mintoci, dawowa Denver kuwa tsakanin 6 da rabi zuwa 7. Amma tikiti agogon kowane gari yake rubutawa, a nan ne mutane ke ruɗewa. Hawai ba ta canza agogo duk shekara, tana bayan agogon GMT da awa 10. Denver tana baya da awa 7 a lokacin sanyi, 6 daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Bambancinsu ke nan awa 3 ko 4, gwargwadon wata.

A ɗauki misali a watan Yuli. Jirgi ya bar Denver ƙarfe 12 na rana, ya yi awa 7 da minti 20. Agogon Denver ya nuna 7:20 na yamma, a cire 4, ya sauka Honolulu 3:20 na rana. Mai duba tikiti da gaggawa zai ce tafiyar awa uku ce. A dawowa ya tashi 8 na dare, ya yi awa 6 da minti 40, agogon Honolulu ya nuna 2:40 na dare, a ƙara 4, ya zama 6:40 na safe, kamar an yi kusan awa 11. Shi ya sa jiragen da ke barin Hawai zuwa tsakiyar Amurka suka fi tashi da dare, su iso da asuba daidai lokacin da jiragen safe ke rarraba fasinja zuwa sauran garuruwa. Hanyar nan ba ta ƙetare layin canjin rana, amma mai tasowa daga Fiji ko Guam zai ƙetare shi, sai ya duba kwanan wata tare da agogo.

Tunda Hawai ta zama jiha a 1959, tafiyar ta cikin gida ce, babu binciken shige da fice. Amma kayan duk mai barin tsibiran zuwa sauran Amurka sai jami'an ma'aikatar noma sun duba su kafin a karɓa, domin an hana fita da yawancin ɗanyun 'ya'yan itatuwa saboda ƙwari, don haka a ƙara wannan a lokacin isa filin. A ɗaya gefen kuma filin Denver yana can gabas da birnin, jirgin ƙasa na layin A yana ɗaukar minti 37 kafin ya kai tashar Union da ke tsakiyar gari.